Ranar Da Na Zama Maƙwabciyar Ɗana

A shekarun da ake tashin bama-bamai a Kano na haifi ɗana na fari. Gidan mijina a Soron Ɗinki yake, tsohon gida ne mai sassa da yawa. Asalinsu Barebari ne, amma tun kakanni suke nan, Barbarcin ma sai tsofaffin gidan ke jinsa. Mijina marini ne a Ƙofar Mata, da sassafe yake fita, sai gab da magariba ya dawo da hannu shuɗi har gwiwa. Yini nake yi da mahaifiyarsa, wadda nake ce wa Inna.

Lokacin ne ake sauke mutane daga adaidaita a shingen sojoji a ce su ɗaga hannu su taka. Taya in ta fashe a titi, sai ka ga mata sun watsar da cefane sun shige gidan da ba su sani ba. Ni dama can mai tsoro ce. Ko murfin tukunya ya faɗi sai gabana ya yi ta bugawa har a gama abinci.

Dangi suka rinƙa zuwa mana daga Borno, wasu su kwana biyu su wuce, wasu su zauna. Cikin waɗanda suka zauna akwai wata mata da ta girme ni da 'yan shekaru, shi ya sa nake ce mata Yaya. Da ƙullin kaya ɗaya ta zo da zanen goyo, ba yaro. Direban da ya kawo su ya gaya wa maza a zaure cewa da ɗa namiji ta taso, ya yi ta gudawa a mota, aka tsaya aka binne shi a bayan wani ƙauye. Ita da bakinta ba ta taɓa faɗa ba. Da aka yi mata gaisuwa cewa ta yi, "Mun gode," ta ci gaba da tsintar shinkafa. Amma zanen goyon nan duk kwana biyu sai ta wanke shi ta shanya, alhali ba abin da ya ɓata shi. In na fito tsakar gida na gan shi a igiya sai in kau da kai.

Sai na faɗi yadda ake yi da ɗan fari a gidanmu, don a nan abin ya faro. Uwa ba ta nuna nata ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yi masa wasa. In za ta ba shi nono sai ta shige ɗaki ta saki labule. In ya yi kuka a gaban suruka, yi za ta yi kamar ba ta ji ba har sai an ce, "Ke, ɗauki wannan mana." Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, haka na ga uwata ta yi da yayana, haka matan gidan suke yi. Yarinyar da ta rungume ɗan fari a gaban mutane, har ta tsufa ana ba da labarin rashin kunyarta.

Yana da wata bakwai ya fara tari. Kwana biyu Inna tana ba shi jiƙo, tana shafa masa man zafi a ƙirji. A rana ta uku, tun la'asar ya ƙi nono. In na sa masa sai ya kama ya saki, ya juyar da kai. Ni kaɗai na sani, tunda a bayan labule ake yi. Da na cire masa riga na ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lomawa ciki duk numfashi, kamar ana danna shi da yatsa. Washegari da hantsi kuma ina zaune da shi a ɗaki, idanunsa suka juye sama, hannunsa ɗaya ya yi ta karkarwa, sannan ya saki. Bai daɗe ba. Na fito na tsaya a ƙofar ɗakin Inna ina murza bakin mayafi.

"Mene ne?"

"Inna, jikin wancan ne."

"Ya yi zafi?"

"Ya ɗan yi."

Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Ta ba shi maganin zazzaɓi na kwalba, ta naɗe shi da rigar sanyi da tawul, ta ce in ɗauko hijabi mu je asibiti.

Akwai wani ƙaramin asibiti da ba shi da nisa da mu, yana da ɗaki guda na kwantar da yara. A da in kana da wanda ka sani a ciki, ka sami gado. Da mutane suka yi yawa, ma'aikata kuma wasu suka daina zuwa don tsoro, sai wata ƙungiya ta kawo musu na'ura. Abu ne kamar allon karatu na yara, baƙi, mai gilashi, da wani ɗan akwati a gefe da ake dangwala babban yatsa. Nas za ta yi wa uwa tambayoyi, ta auna yaro, ta danna amsa. In fuskar na'urar ta yi ja, a ba shi gado. In ta yi kore, a ba da magani a ce a dawo bayan kwana uku. Matan unguwa suka sa mata suna Alƙali.

A bakin ƙofa wata 'yar sintiri ta laluba mu, har tawul ɗin yaron sai da ta buɗe. Muka sami layi ya kai bakin famfo.

"Yau Alƙali da fushi ya tashi," in ji wata mai ƙiba a gabanmu. "Tun safe kore yake ta rabawa kamar mai sayar da alayyafo."

"Ke dai in ya tambaye ki, ce masa komai ya lalace."

"Har mijin?"

"Shi ai ba sai an tambaya ba, ko Alƙali ya san da wannan."

Aka yi dariya. Mai ƙibar ta juyo ta dube ni. "Amarya, na fari ne? Ga shi nan kin sunkuyar da kai. To ki buɗe baki a ciki, wannan ba ya jin nauyin kowa."

Inna ta ce, "Bakinta ƙalau. Tarbiyya ce."

Nas ɗin da ke riƙe da na'urar ba babba ba ce, za ta yi sa'ar Yaya. Ƙasan idonta ya yi baƙi don gajiya. Ta ce uwar yaro ta dangwala. Na dangwala. Ta ɗaga na'urar ta ɗauki hotona. Inna ce a kan kujera da yaron a cinya, ni ina tsaye a bayanta.

"Yana shan nono?"

Ni ta kalla. Na buɗe baki zan yi magana. Amma ƙeyar Inna na gabana, ga mata a bakin ƙofa suna leƙe. Na dubi ƙasa.

"Yana sha, alhamdu lillahi," in ji Inna.

"Ya yi jijjiga? Ko idonsa ya juye?"

"A'a, Allah ya kiyaye. Tari ne kawai da ɗan zafin jiki."

Ba ƙarya Inna ta yi ba. Abin da ta gani ta faɗa. Nas ta sa masa ma'auni a hammata, maganin da aka ba shi a gida ya riga ya saukar da zafin. Ta ɗan ɗaga tawul ta leƙa, yana barci. Ta aza shi a sikeli, ta danna, ta danna. Fuskar na'urar ta yi kore, har hasken ya taɓa haɓarta.

Muna dawowa gida na ji wata ƙara daga nesa, can wajen gari, irin wadda ake ji a ƙirji kafin kunne. Tantabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Kafin azahar aka ce an rufe manyan tituna, ba adaidaita ba mota. Na kira mijina, layi ya ƙi shiga.

Bayan azahar Inna ta ɗura masa maganin da aka ba mu a asibiti da cokali, ya dawo da shi ta hanci. Ta buɗe rigar da kanta, ta ga ƙirjin. Ta daɗe tana kallo.

"Tun yaushe rabonsa da nono?"

"Tun jiya da la'asar."

"Jiya! Kina tsaye a bayana ina cewa yana sha?"

Na ce har idonsa ya juye da hantsi. Ta saki salati.

"Don me ba ki faɗa ba, 'yar nan?"

"Inna, a gabanki?"

Ta miƙo mini shi da hannu biyu, abin da ba ta taɓa yi ba a tsakar gida, ta ce ƙafarta ba za ta iya komawa da sauri ba, in ruga.

Layin ya ragu saboda ƙarar da aka ji. Na shiga na dangwala tun kafin a ce. Na'urar ta yi wani ɗan kuka, sai ga hotona ya fito. Ban taɓa ganin kaina haka ba. Mace a tsaye, kai a sunkuye, ba a ganin ido, sai goshi da bakin hijabi. A ƙasan hoton ga koren nan.

"An riga an gan ki yau," in ji nas. "Sai bayan kwana uku."

Na ce, "Malama, ba ya shan nono. Ɗazu ban faɗa ba ne."

Ta dubi yaron, ta dube ni. Ta danna wani wuri, na'urar ta sake yin kukan. Ta sake dannawa.

"Ta kulle. Ba ni na kulle ba. Mata ne suke fita su tambayi wadda ta sami ja me ta ce, su dawo su maimaita. Shi ya sa aka sa in ta yanke ba a sakewa."

"To ki kwantar da shi haka nan, don Allah."

"Da me? Ma'ajin magani ba zai ba ni allura ba sai da lambar da take fitarwa. Tukunyar iska ma da lamba ake buɗe ta. Mai iya buɗe wannan kullen yana ofishinsu a wajen gari, ga waya ba ta shiga." Ta goge fuska da bayan hannu. "Ki kai shi babban asibiti."

"An rufe hanya."

Ta san an rufe. Ba abin da ake ji sai numfashinsa, wani ɗan gurnani a ƙarshen kowane ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro a ɗakin nan shi ne babu wanda zan roƙa. Da mutum ne ya hana ni, da na durƙusa na kama ƙafarsa, na haɗa shi da Allah da iyayensa. Nas ɗin ba ta hana ni ba. Wanda ya hana ni kuma yana kan tebur a kwance, da hotona a fuskarsa.

Na fito ban san inda zan nufa ba. A bakin famfo na ga Yaya a tsaye. Ashe biyo ni ta yi. Zanen goyon nan yana kafaɗarta a ninke. Na gaya mata abin da aka ce. Hausarta a karye take, a hankali take magana.

"Yatsa yake so?"

Na ce yatsan uwa.

"Kawo yaron."

Ta sunkuya, na aza mata shi a baya, ta ɗaure da zanen. Hannunta bai yi kuskure ko kaɗan ba, ta ja ta soke kamar jiya ta sauke goyo. Ban hana ba.

Muka shiga tare. Nas ta ɗago ta gan ni, ta ga hular da ke leƙowa ta bayan Yaya. Hular da ta gani sau biyu a ranar, shuɗiya, mijina ne ya rina zaren. Ta tura ɗan akwatin gaban Yaya.

Ni na ɗauka sabuwar rajista za a yi. Yaya na dangwalawa sai ga hotonta ya fito, a wani wuri mai tantuna, ta fi haka ƙiba, da goyo a bayanta ana ganin saman kansa kawai. Ashe a hanyarsu sun kwana biyu a wani sansani inda ƙungiyar nan take rabon abinci, an yi musu rajista a can. Nas ta karanta a hankali: ɗa ɗaya, namiji. Ta faɗi sunansa.

Tunda Yaya ta zo gidanmu ba wanda ya taɓa jin sunan nan. Ta amsa, "Na'am, shi ne."

A wurin na'urar yaron yana nan da ransa. Ba wanda ya gaya mata an tsaya a bayan wani ƙauye. Tana ta ƙirga masa watanni, har ta ce yanzu ya shiga na tara.

Nas ta ce a sauke shi. Ta riƙe na'urar, amma maimakon ta dubi Yaya sai ta juyo gare ni.

"Ke maƙwabciyarta ce?"

Na ce, "E."

"To maƙwabciya, tunda Hausarta ba ta fita sosai, ke da kike kusa da su, yaron nan yana shan nono?"

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce tun jiya da la'asar bai sha ba, yana kamawa ya saki. Na ce ƙasan haƙarƙarinsa yana lomawa, na buɗe rigar na nuna mata da yatsana. Na ce da hantsi idonsa ya juye, hannun dama ya yi karkarwa kamar tsawon karanta fatiha. Na ce fitsarinsa sau ɗaya tun safe, kuma ja ne. Na ce kukansa ya canja, ba irin nasa ba ne. Na ce an ba shi maganin zazzaɓi, kada ma'auni ya ruɗe ta. Ina magana ina shafa kansa a gaban mutane, ba abin da ya riƙe mini harshe. Ɗan maƙwabciya ne, ba kunya tsakanina da shi.

Ta aza shi a sikeli. Na'urar ta yi ɗan jim, sai nas ta ce, "Ta ce ya rame ƙwarai daga awon da aka yi masa a sansani." Wancan yaron ya fi nawa jiki, da nauyinsa aka gwada. Fuskar na'urar ta yi ja.

Gado ɗaya ya rage a ɗakin, na jikin taga. Aka sa masa robar iska a hanci, aka nemi jijiya a hannu aka rasa, aka samu a kai. Ina tsaye ina riƙe da ƙafarsa wata ma'aikaciya ta ce masu rakiya su fita. Saboda halin da ake ciki, uwa kaɗai ke zama da yaro, ita ma sai ta dangwala a ƙofar ɗakin in za ta shiga. Na dubi nas. Ta kau da kai tana gyara robar.

Yaya ta zauna a kan tabarmar gefen gadon. Ni na fita.

Kwana tara ya yi. An ba maƙwabta da dangi lokaci kaɗan bayan la'asar. Da ya fara karɓar abu a baki, sai in tatsi nono a kofi mai murfi in kawo, in ce saƙo ne daga gida. Matan ɗakin suna yaba mini.

"Kai, wannan maƙwabciya da kirki take. Ni tawa ko barkono ba ta ara mini."

"Ke ma ai ba kya mayarwa."

Ina murmushi, nonona yana zuba a cikin hijabi. Yaya ba ta runtsa ido a kansa ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ita ta lura robar ta toshe a kwana na uku ta yi ta ihu da Barbarci har aka zo. Amma in na shigo sai in same ta ta kifa kai a gefen gadon tana yi masa waƙa ƙasa-ƙasa, tana kiran sunan nan. Ma'aikata ma da shi suke kiransa, shi ne a rubuce a katin da ke rataye a gadon. Ran kwana na shida ta kira, na ga ya juyo da ido. Na ajiye kofin na fita bakin famfo na yi ta wanke hannu ba dalili.

A gida mijina cewa ya yi a bar maganar tukuna, rai ake nema. Inna kuma ta daina haɗa ido da ni. Kullum ita take wanke kofin da kanta da ruwan zafi, ta kife shi a kan taga.

Wata la'asar na sami nas ita kaɗai a baranda tana cin gyaɗa. Ta matsa mini na zauna. Na ce mata ni dai na tsani abin nan.

Ta ce, "Ni ban tsane ta ba. Kafin a kawo ta da idona nake zaɓa. Gado huɗu, yara ashirin. Kin san wa nake ba wa? Wadda ta fi ihu. Ko wadda aka yi wa waya aka ce matar wane ce. Irinku masu sunkuyar da kai sai in ce ku dawo gobe." Ta murza ɓawon gyaɗa ta hure. "Wasu ba su dawo ba. Har yanzu ina ganin fuskarsu. Ita wannan ba ta san matar kowa ba."

Na ce, "Amma ba ta san suruka ba."

Ta yi 'yar dariya. "Ba ta sani ba. Waɗanda suka haɗa ta sun ce a tambayi uwa, sun ɗauka uwa in an tambaye ta faɗa take yi. Ni ce na san ba haka ba ne. A garin nan aka haife ni. Na gan ki a bayan tsohuwa, na ga bakinki ya motsa. Da na ce Hajiya ta ɗan ba mu wuri, da shi ke nan. Amma layi ya kai famfo, ita kuma amsa kawai take jira, ko daga bakin wa."

Na yi shekaru ina juya maganar nan. Wani lokaci in ce laifina ne, wani lokaci na nas, wani lokaci na waɗanda suka sa kulle ba su bar mabuɗi a hannun mai ganin yaron ba. Akwai kuma abin da ban cika son tunawa ba. Gadon nan ɗaya ne ya rage. Bayanmu akwai wata mata a layi da yarinya a kafaɗa, na ga ƙafafun yarinyar suna reto. Ban san launin da aka ba ta ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar sallama da safe Yaya ta dangwala a ƙofa, ta goyo shi da zanen nan. Na bi ta a baya da kwanuka har gida, ta lungunan da muka bi da shi muna gudu. A tsakar gida mata suka taru ana barka. Yaya ta tsaya a tsakiya, hannunta a kan ƙullin zanen, ba ta kwance ba. Aka gama barka, tana nan tsaye. Ni kuma ga Inna, ga matan gida, ba dama in ce ba ni ɗana.

Inna ce ta taso. Ta dafa kafaɗar Yaya ta yi mata magana da Barbarci, wanda ban taɓa jin ta yi mai tsawo haka ba. Ban san me ta ce ba. Yaya ta sunkuya a hankali, Inna ta zare shi, ta juyo ta sa mini shi a hannu.

"Shiga da shi ki ba shi," ta ce. "Ko ki ba shi a nan, duk ɗaya."

Na shiga ɗaki. Ya kama, bai saki ba.

Bayan sati biyu aka ce a mayar da shi a duba. Dole da Yaya muka je, tunda yatsanta ne. Nas ta auna shi ta ce ya ƙaru. Ɗakin ba kowa, sai na yi ƙarfin hali na ce, "Malama, ba za a gyara ba? A mayar da shi sunansa?"

Ta ce in dangwala. Hoton nan nawa mai sunkuyayyen kai ya fito. Ta ce Yaya ta dangwala, nata ya fito. Ta ajiye na'urar a tsakaninmu.

"Yara biyu ne a ciki. Naki yana nan, kore, ta ce ba a dawo da shi ba, kullum sai ta tuna mini in neme shi. Nata kuma ya yi jinya ya warke. In na kai maganar ofis za su iya mayar da jinyar kan naki. Amma sai an rufe ɗayan. In za a rufe yaro sai an faɗi dalili. Kuma uwarsa ce za ta faɗa da bakinta, ta dangwala."

Ta juya fuskar na'urar wajen Yaya. Ni ban iya karatun boko sosai ba, amma na ga layi biyu, kowanne da ɗan akwati a gefensa. Nas ta karanta na farko: ya ƙaura. Ba ta karanta na biyun ba.

Yaya tana zaune da ɗana a cinya, yana wasa da bakin mayafinta. Ta dubi gilashin nan ta daɗe. Na ga babban yatsanta ya ɗago daga cinyarta kaɗan.

Na sa hannu na rufe ɗan akwatin dangwalen.

"A bar shi, Malama," na ce. "A bar su duka biyun."

Nas ta dube ni. "Duk rigakafin da za a yi masa, da wancan sunan za a yi. Kuma sai da ita za ki rinƙa zuwa."

Na ce na ji.

Ta kashe na'urar, ta rubuta ranar dawowa a katin, ta miƙa. Ni da Yaya muka miƙa hannu tare, sai na janye nawa. Yaya ta ninke katin ta soke a bakin zaninta, ta ɗago yaron ta aza mini a baya, ta taya ni ɗaurewa.